Ranar da Na Sayar da Kanwa a Kasuwar Jibiya

Ina cikin shekara ta tara da kama aiki a wani ɗan asibiti da ke tsakanin garin Jibiya da Magama, sai na wayi gari na tsani sallama. Astagfirullah, amma gaskiya ɗaya ce. Mutum zai tsaya a ƙofar ofis ya ce, "Salamu alaikum," in ji wuyana ya sanƙare, in amsa da ƙyar kamar mai ciwon haƙori. Ni da na shiga aikin likita don son mutane, na koma ba na ganin fuskar kowa, kati kawai nake gani.

Asibitin bakin iyaka ƙasa biyu yake yi wa bauta. Mutanen Riko da Daddara namu ne, Fulanin rugage namu ne, sannan ga na ƙetare da ke tsallako shingen duwan, wato kwastan, ta hanyar Maraɗi, riƙe da takardun magani da aka rubuta da Faransanci, suna kirana lokotoro. Da damina yara su cika gadaje da zazzaɓi, ga masu naƙuda, ga waɗanda babur ya kayar, ga waɗanda ake kawowa da harsashi a jiki daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka shiga. Ranar kasuwa kuwa ba a magana. Duk wanda ya kawo buhun gero sai ya haɗo da ciwon da ya ajiye tun watan jiya, ya ce tunda ya shigo gari bari ya ga likita.

Ba ni kaɗai ba ne likita a wurin, kada in ci amanar gaskiya. Shekara biyu kafin nan an turo mana wata likita, mace mai natsuwa, hannunta kuma yana da kyau a tiyata. To amma ni ban bar ta ta sha iska ba. Ta duba mara lafiya, in sake dubawa. Ta rubuta magani, in karɓi katin in ƙara wani abu ko da ɗigo ne. Ta shiga tiyata, in tsaya a kanta ina "a'a, ba nan ba." Hutun shekara kuwa ban taɓa ɗauka ba, har taƙama nake yi da haka. Nakan ce wa ma'aikata, "Ranar da na matsa nan da can, gawa za ku kwasa." Maiɗakina ta yi magana har ta gaji, ƙarshe ta ce, "Jiki magayi," ta ƙyale ni.

Jikin kuwa ya gaya mini, sai dai ba a kaina abin ya fashe ba. Wata rana da hantsi wata mata daga ƙetare ta shigo goye da yarinya 'yar kamar shekara huɗu, jikin yarinyar ya yi zafi zau, idonta ya yi fari fat don rashin jini. Ina ganinsu sai wani abu ya taso mini. Na daka wa uwar tsawa a gaban jama'a: "Sai da ta kusa mutuwa kika kawo ta? Ke wace irin uwa ce? In ta mutu ku ce likita ne!" Matar ba ta ɗago kai ba. Sai da na gama zazzaga mata masifa, sannan ta ce a hankali, "Lokotoro, gulbi ne ya cika. Kwana biyu ina bakinsa da ita a baya, ina jiran ruwa shi janye."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Amma girman kai ya hana ni ba ta haƙuri. Muka ƙara wa yarinyar jini, muka sa mata ruwa da allurai, har ta fara buɗe ido. Kwana na biyu na zo zagaye na tarar da gado wayam. Uwar ta ɗauke 'yarta ta tafi ba sallama, maganin ma ba a gama ba. Na san abin da ya kore ta, bakina ne. Ko yarinyar ta rayu ko ta mutu a hanya, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

A ranar na zauna na rubuta takardar ajiye aiki. Ba canjin asibiti nake nema ba, likitancin ne gaba ɗaya ya fita raina. Na ninke ta huɗu na sa a aljihun gaba. Kullum in na sauya riga sai in sauya mata aljihu, ina cewa gobe zan kai ta Katsina, goben ba ta zuwa. Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina.

Ana cikin haka watan Muharram ya kama, watan cika-ciki, lokacin da taubasai da abokan wasa ke bin juna shara. A nan tsohuwa mai kanwa ta shigo labarin. Babarbariya ce, tana zaune a wani ƙauye a ƙetaren iyaka, kuma tun kafin a haife ni take kawo kanwa kasuwar Jibiya. Hawan jini ke damunta, don haka duk wata sai ta biyo ta asibiti da safiyar kasuwa in auna ta. Hausarta ta Maraɗi ce, Barbarcin ma sai za ta zage ni take tuno shi. Ni kuwa Bafulatani ne, ko da yake a birnin Katsina na tashi, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, a yi ta zolaya, kuma ba a fushi. A duk faɗin asibitin nan da ake ce mini Yallaɓai, ita kaɗai ke turo ƙofa da sanda ta ce, "Ina Bafulatanin nan da ba shi da ko akuya?"

Ranar kasuwa ce, baranda ta cika maƙil. Na fito zan wuce ɗakin haihuwa, sai ta tare ni da sandarta.

"Kai, lokotoro, tsaya nan! Tsakanina da kai, wane ne ubangida, wane ne bawa? Hwaɗi gaban mutane."

Na gaji liƙis, amma wannan tambaya ba Bafulatanin da zai bar ta ta wuce. Na ɗaga murya na ce, "Yo har sai an tambaya? Ni ne ubangida! Tun kaka da kakanni Babarbare bawanmu ne."

Baranda ta kwashe da dariya. Ita kuwa ta juya ga jama'a tana tafa hannu. "Kun ji shi ko? Ku shaida! To ubangida shi ka biyan shara, ga wata ya kama. Biya ni!"

Tabɗi! Na san al'adar sarai, gajiya ce ta sa na faɗa ramin da ko makaho zai tsallake. Na kai hannu aljihun gefe don in sallame ta, sai ta buge hannun da sanda.

"Riƙe abinka, kuɗɗin Bafulatani warin nono su kai. Yini guda nika so. Kasuwa mai zuwa, daga hantsi har la'asar, kana rumfata kana yi mini awon kanwa."

"Haba Iya! Ranar kasuwa? Wa zai duba waɗannan bayin Allah?"

Sai na ji murya daga bayana. Likitar nan ce tsaye a ƙofar ofishinta, ta ce, "Ina nan, Yallaɓai." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Wani dattijo da ke kan benci ya gyara rawaninsa ya ce, "Likita, baki shi ke yanka wuya. Mu dai mun shaida." Na duba dama na duba hagu, ba mai taimako. A raina na ce to shi ke nan, in yi mata wannan ya zama bankwana, washegari da safe in kama hanyar Katsina da takardata. Da na ce na yarda, tsohuwar nan har guɗa ta yi a cikin asibiti.

Ranar ta zo da yayyafi tun asuba, zuwa hantsi gari ya washe. Na sa tsohon kaftani, na mayar da takardata aljihun gaba, na nufi kasuwa da ƙafa. Jama'a, shekara tara ina Jibiya ban taɓa shiga tsakiyar kasuwar nan ba! Sai dai in ratsa ta gefenta a mota ina tsaki don cunkoso. Manyan motocin Nijar na sauke kaya, 'yan dako na gudu da buhuna suna "hanya, hanya," ga dabino tuli, ga cuku, ga kilishi, ƙanshin ƙasa mai laima ya haɗu da na barkono har sai da na yi atishawa uku. Na tsinci kaina ina waige-waige kamar baƙauye.

Rumfarta na layin masu gishiri. Tana hango ni ta miƙe tana kiran maƙwabta. "Ku zo ku gani, bawana ya iso!" Kafin in zauna ta miƙo hannu ta ce in ba ta waya. Na ba ta, ta ƙulle a haɓar zane. Ta cire mini hula ta kifa mini wata tsohuwar malafa, ta ce yanzu na yi kama da dangina. Sannan ta kafa mini doka: ba taɓa hannun kowa, ba leƙa idon kowa, kalmar magani kada ta fito daga bakina har la'asar.

Aikin ba wuya a ido. Ka fasa kanwa da ɗan guduma, ka cika gwangwani, ka juye a takarda, ka ƙunsa. Takardun kuwa tsofaffin littattafan 'yan makaranta ne da take yagowa. To ƙunshin farko da na yi, ina miƙa wa mai saye gindin ya buɗe, kanwa ta watse a ƙasa. Na biyu ma haka. Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Hannun da ka ɗinke cikin mutum ya kasa ƙunshin kanwa. Mutane, ku dai roƙi Allah lahiya." Ta kama yatsuna ta nuna mini yadda ake naɗe takardar ta yi tsini, a cika, a lanƙwasa baki a cusa. A na biyar na iya, kuma wallahi daɗin da na ji ya kusa kai na ranar da na ci jarrabawar ƙarshe.

Kafin ka ce kwabo labari ya zaga kasuwa: likita na sayar da kanwa! Mutane suka yi caa a kan rumfar. Wanda ke da buƙata da wanda bai da ita, kowa so yake ya karɓa daga hannuna. Mata na dariya suna rufe baki da mayafi. Wani ya matso ya buɗe mini baki zai nuna maƙogwaro, tsohuwa ta ɗaga masa sanda. "Asibiti na can, likita na ciki! Wanga bawana ne, bai san komi ba sai awo." Wata ta fara, "Likita, dama ƙafar nan tawa..." sai ta ga sanda, ta ce a ba ta kanwar ɗanwake kawai.

Inda na sha wuya shi ne da masu hawan jini suka fara zuwa. Mutanen da nake zaunar da su a ofis ina yi musu wa'azi su rage gishiri da kanwa, ga su a gabana suna murmushi suna cewa in cika gwangwani. Magana an hana ni. Sai na ɓullo da dabara, duk wanda na san katinsa sai in rage masa awo, in ƙunsa da sauri. Na yi wa mutum uku, a na huɗu ta kama ni. Ta ƙwace ƙunshin ta buɗe a gaban kowa. "La'ilaha illallahu! Kun ga munafuncin Fulani? Na hana shi likitanci da baki, ya koma shina yi da gwangwani!" Layin masu gishiri ya ɗauki shewa. Ni ma dariya ta ƙwace mini, irin wadda ke sa mutum riƙe ciki, har hawaye. Na manta rabona da ita.

Sannan wani abu ya fara faruwa da ban zata ba. Wani ɗan dako ya sauke buhun gero a gaban rumfar, ƙato, gumi na zuba, ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa dai don kunya. Ya ce, "Likita, ba ka gane ni ba?" Ya ɗaga ƙafar wando, sai ga ɗinkina a ƙaurinsa. Mutumin da aka kawo mini daga Daddara da harsashi a ƙafa, wadda na yi ta fargabar za a yanke ta. Yaya za a yi in gane shi? Ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Ya daka tsalle sau biyu don in gani, ya sungumi buhunsa ya yi gaba.

Daga nan kamar an buɗe ƙofa. Wata mai ƙosai ta jawo tagwaye maza da ke kokawa a bayan rumfarta ta ce, "Ga waɗanda ka ciro." Wani makiyayi da maciji ya sara bara ya zo sayen kanwar shanu, ya koma ya dawo da ƙwaryar fura da nono, ya ce sai na shanye a gabansa. Na kafa kai na sha, na sha, har tsohuwa ta ce a ƙwace kafin in haɗiye ƙwaryar. Ashe yunwa nake ji tun ba yau ba. Ina zaune a kan buhun kanwa da malafa a ka, na gane abin da ya ci ni shekara tara. Mu likitoci a kwance muke ganin mutane. Wanda ya mutu muna nan a kansa, muna jin kukan danginsa. Wanda ya warke kuwa ya tafi ke nan, ba ma sake ganinsa. Ni ina can ina tara matattu a zuciya, rayayyun suna nan kasuwa suna ciniki.

Dab da azahar wata mota ta ratsa titin gefen kasuwa a guje, direba ya danne ham bai saki ba, ta nufi hanyar asibiti. Nan da nan labari ya iso layinmu: wata mata ce daga Riko, kwana biyu tana naƙuda, jini ya ɓalle mata. Ban san lokacin da na miƙe ba, gwangwani ya faɗi. Tsohuwa ta damƙe gefen kaftanina.

"Zauna."

"Sake ni, Iya! Wannan ba wasa ba ne, rai ne!"

"Na san rai ne. Zauna."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na manta da wasa, na manta da shekarunta, na ce mata ita me ta sani, in matar nan ta mutu wa zai ɗauki alhaki? Ba ta sake ni ba. Ta kwance haɓar zane, ta ciro wayata ta aza a kan tulin kanwa tsakaninmu.

"Waccan ɗiya da ka bari asibiti, ta san lambarka ko ba ta sani ba?"

"Ta sani."

"Mai girman kai ce irinka, da za ta bar mutum shi mutu ba ta kira ba?"

Na san sarai ba haka take ba.

"To in ta kira, ni da kaina zan tsaida maka babur. In ko ba ta kira ba ka tahi, ka hwaɗa mata gaban kowa ita ba likita ba ce. Kuma kai da hutu sai kabari."

Na zauna. Kai, ban taɓa zama mai wuya irin wannan ba. Idona na kan waya, hannuna na ƙunsa kanwa ban san wa nake miƙa wa ba. A kaina ina yin tiyatar daki-daki: yanzu ta wanke hannu, yanzu ta yanka, yanzu ya kamata ta kai ga jariri, jinin da ke firji zai isa kuwa? Aka kira azahar na je na yi, Allah ya yafe mini, ban san me liman ya yi ba. Na dawo, waya tana nan shiru.

Don ta ɗauke mini hankali, tsohuwa ta ce, "Ka san abin da ya sa na kama ka? Watan jiya ka ɗaura mini abin awo a hannu, ka manta ka hura. Ka tsaya kana kallon bango, ni ina kallonka. Na ce wanga yaro ya ƙare. Danginka ko saniya suna kai ta mashaya, kai ka ƙi kai kanka." Ni kuwa ban ma tuna an yi haka ba.

Can sai waya ta yi ƙara sau ɗaya, saƙo ne. Na yi wuf na ɗauka. Likitar ce ta rubuto: "Uwa da ɗa lafiya, namiji ne. Yallaɓai, a taho mana da kanwa."

"Allahu akbar!" Na faɗa da ƙarfin da ya sa mai gishirin kusa da mu ya zabura. Na miƙe ina ɗaga waya sama ina cewa, "Ta haihu! Namiji! Likita ta yi aikin ita kaɗai!" Mata suka ɗauki guɗa, ɗan dakon nan ya dawo yana tambayar me aka samu, mai ƙosai ta ce yau ƙosai kyauta ne ga layin gishiri. Na rungume wani dattijo da ban taɓa gani ba. Murna kamar in yi rawa, kuma a ƙarƙashinta ga kunya tana cina. Shekara biyu ina tsaye a kan likitar nan, baiwar Allah, ashe ni ne nauyin da take ɗauke da shi.

La'asar ta gabato, kanwa ta kusa ƙarewa, kasuwa ta fara sakin jiki. Ina tattara ɓarɓashi a gwangwani, sai na ji tsohuwa tana cewa, "Matso mana, ba shi cizo yau." Na ɗago kai. Matar nan ce da na yi wa tsawa. Ta tsaya nesa kaɗan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, alamar tana son juyawa. A gefenta, riƙe da bakin zanenta, ga yarinya tsaye da ƙafafunta, kumatu sun ciko, tana fama da guntun rake.

Na dubi tsohuwa, ta kawar da kai tana gyara buhu. "Garinmu guda," in ji ta. "Ita ta hwaɗa mini abin da ka yi."

Na miƙe, na cire malafa, na fito daga rumfar. Mutane na kallo, ban damu ba, tunda a gaban mutane na ci mata mutunci. Na ce, "Baiwar Allah, na zalunce ki. Kin yi abin da ba kowace uwa za ta iya ba, ni kuma na saka miki da zagi. Don girman Allah ki yafe mini."

Ta rikice, ta rasa inda za ta sa idonta. "Wayyo lokotoro, ba komi, wallahi ba komi. Ai ga ta nan, ta warke. Ke, gaida lokotoro." Yarinyar ta dube ni, ta dubi rakenta, ta ɓoye shi a baya don kada in ce ta sam mini. Na yi dariya hawaye na zuba, ban ko share ba.

Tsohuwa ta ce a auna wa matar daga ragowar kanwar, ba ciniki. Na cika gwangwani har ya yi tozo, na waiwaya neman takarda, babu. Jama'ar da suka yi mana caa sun cinye littattafan kaf. Ta ɗaɗɗaga buhu, ta leƙa ƙarƙashin tabarma, ba ko fallen takarda. Sai idonta ya faɗa kan aljihuna, inda bakin takardata ya leƙo. Kafin in motsa ta zare ta. Ta warware, ta juya ta sama da ƙasa, don ba ta karanta boko.

"Wagga takarda," ta ce, "tana da amfani?"

Na dubi takardar, ga sa hannuna a ƙasa. Na dubi yarinyar da ta koma kan rakenta. Ita kuwa tsohuwa tana jira, ta kafe ni da ido kamar ta san abin da ke ciki. Har yau ban sani ba ko ta sani.

Na ce, "Ba ta da amfani, Iya."

"To mi kaka jira? Ƙunsa!"

Na naɗe ta ta yi tsini, na juye kanwa, na lanƙwasa baki na cusa. Duk yinin nan ban yi ƙunshi mai kyau kamarsa ba. Matar ta karɓa da hannu biyu ta sa a kwando, ta goya 'yarta, suka hau babur suka nufi shinge. Haka takardar ajiye aikina ta tsallaka Nijar ba wanda ya tambaye ta fasfo.

Ban ce daga ranar gajiya ta ƙare ba, aikin bakin iyaka yana nan yadda yake. Amma a makon nan muka zauna da likitar muka raba ranaku, nata nata, nawa nawa, kuma na daina leƙa mata kati. Bayan girbi na ɗauki hutuna na farko, maiɗakina ta yi ta taɓa goshina wai ko zazzaɓi ne. Duk wata kuma sai na ware ranar kasuwa ɗaya in shiga in zaga, ba don sayen komai ba, don in ga mutanena a tsaye. Sabon likitan da aka turo mana daga baya, da na ga ya fara amsa gaisuwa da ka, hannunsa na kama na kai shi layin masu gishiri.

Washegarin wannan kasuwa dai, maimakon hanyar Katsina, asibiti na nufa, da ƙunshin kanwa a leda na ajiye wa likitar a kan teburinta. Na shiga ofis na zauna, farcena duk farin kanwa. Ban daɗe ba wani tsoho ya tsaya a ƙofa da kati a hannu, ya ce a ɗarare, "Salamu alaikum."

Na ɗago na dubi fuskarsa. Na ce, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shigo, Baba, zauna. Yaya hanya?"